Ɗaura igiyar fatsa da zaren ajiya

Malam, ka tambayi yadda ake haɗa igiyar fatsa mai kauri, irin ta jefa ƙwaron gashi (ƙugiyar da ake yi wa ado da gashi ta yi kama da ƙwaro don yaudarar kifi), da siririn zaren ajiya na ƙasan kwarkwaro. Ni ƙullin Albright nake yi. Lanƙwasa bakin igiyar tsawon yatsa, ka zura zaren ta madaukin, ka naɗa shi a jikin igiyar da ka lanƙwasa sau 10 a jere kana komowa wajen lanƙwasar. Sai ka fitar da bakinsa ta gefen da ya shiga. A nan mutane ke kuskure, ƙullin ya kwance. Jiƙa shi da yawu kafin ka ja, ka datse saura sosai, ka ɗan shafa gam, kada ya maƙale a zoben sandar fatsa ranar da babban kifi ya kwashe igiyar duka.