Tambayi Likita: Tun da aka yi masa allura yake jan ƙafa

Tambaya: Likita, in an yi wa mutum allura, zai iya yin wanka a ranar? Daga wani mai karatu a Gwale.

Amsa: Yi wankanka, Malam. Ruwa ba ya karya allura.

Tambaya: Ɗana mai shekara huɗu ya yi zazzaɓi, aka yi masa allura a ɗuwawu a wani kemis. Ya ƙwalla ƙara, tun ranar yake jan ƙafar hagu. Kakarsa ta ce shan inna ce, a kai shi a yi masa tsaga. Daga wata uwa a Kurna.

Amsa: Hajiya, ki ba kakarsa haƙuri, kada reza ta taɓa yaron nan. Ki kai shi asibiti yau.

Akwai wata jijiya da ta fi kowace girma a jiki, muna kiranta sayatik. Daga ƙugu take tasowa, ta ratsa ɗuwawu, ta bi bayan cinya, rassanta su kai har yatsu. Shi ya sa ake raba ɗuwawu gida huɗu, a yi allura a kashin sama na gefen waje, jarirai kuwa a cinya. In aka soka a tsakiya ko ƙasa-ƙasa, sai tsinin ko maganin ya same ta.

Babba zai ce ya ji kamar lantarki ya ja shi har tafin ƙafa. Yaro sai dai kuka. Ki duba da kanki: silifa na zamewa daga ƙafarsa? Babban yatsa na kartar ƙasa, ko yana ɗaga gwiwa sama kamar mai tsallake kwata? Ki zaunar da shi, ki ce ya ɗago yatsunsa sama. Ki shafa bayan ƙafar da gefen ƙwauri, ki tambaye shi ko ya ji. In ƙafar ta saki, ko wurin ya mutu, jijiyar ce ake zargi.

Abin da ke ɓata mini rai ke nan: ƙafar da ba ta jin zafi, a kawo garwashi ko ruwan zafi a gasa, ta ƙone yaro bai sani ba. Mai ɗori ma ba aikinsa ba ne, ƙashi lafiya ƙalau yake.

Maganar shan inna kuwa, tun Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar, amma har yanzu duk yaron da bai kai shekara 15 ba da gaɓarsa ta saki farat ɗaya, ana gwada bayan gidansa. Wannan ma dalili ne na zuwa asibiti da wuri.

Jijiya na tsirowa a hankali, kamar milimita ɗaya a rana, don haka maganar watanni ce. Sashen gashi, wato masu aikin motsa gaɓoɓi, irin na Asibitin Malam Aminu Kano ko na Ƙashi da ke Dala, za su koya miki motsa ƙafar, su ba shi abin tallafe ta kada ta sandare. In wata uku zuwa shida suka wuce babu canji, sai a duba yiwuwar tiyata. Na sake faɗa, kada ki jira.

Tambaya: Ai allura ta fi ƙwaya saurin kashe maleriya ko? Daga wani ɗan kasuwa a Kwari.

Amsa: In kana iya haɗiya, ba ka amai, ƙwayar ta wadatar, Alhaji. Amma a gwada jininka tukuna.