Tambaya da Amsa: An ce mini bolt biyar ba ya kisa, amma ruwan ƙwaryar yana jan yara

TAMBAYA

Assalamu alaikum Injiniya. Ni malamar zane ce a wata firamare mai zaman kanta a Gwale. Saboda bikin ƙarshen shekara na haɗa wa yara abin wasa: ƙwarya shida da ruwa a ciki, kowacce da wayarta zuwa allon Arduino (wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai sarrafa fitilu da na'urori), irin tsarin Makey Makey, allon da ke mayar da duk abin da aka taɓa maɓallin kwamfuta. Yaro zai riƙe wayar ƙasa (wadda ke mayar da wuta zuwa allon) da hannu ɗaya, ya tsoma ɗayan a ruwa, sai kalangu ko kotso ya yi ƙara daga laftof, fitilu kuma su kama a jikin wani zane da aka rino mini a Ƙofar Mata. Fitilun da cajar waya nake ba su wuta. Ranar gwaji yara biyu suka ce ruwan yana ɗan jansu. Ni da nake sanye da takalmi ban ji komai ba. Mai yi mana wayarin ya ce bolt biyar ne, ko kaza ba zai kashe ba, in sa musu silifas kawai. Saura mako biyu biki, kuma hankalina ya ƙi kwanciya. Mene ne abin yi?

AMSA

Wa alaikumus salam Malama. Kafin ki ƙarasa karanta wannan amsa, je ki zare cajar nan daga soket, ki zare ta laftof ɗin ma, kuma kada wani yaro ya ƙara tsoma hannu a ƙwaryar nan sai kin sauya yadda wuta ke shiga aikin. Hankalinki da ya ƙi kwanciya shi ne mai gaskiya a wannan magana.

Aikin kansa ya burge ni. Tun da aka fito da Arduino a Italiya a 2005, Makey Makey ya biyo baya a 2012, masu fasaha a duniya suke sa mutum ya taɓa abu da jikinsa abin ya amsa masa, kamar matattakalar tashar jirgin ƙasa ta Odenplan a Sitokhom da aka mayar fiyano a 2009. Ke kuma kin ɗauko kiɗan ƙwarya da rinin baba, kayan da yaran nan suke gani a gidajensu. Ba na son ki fasa. Gyara nake so ki yi, kuma mako biyu ya isa.

Yanzu ga maganar mai wayarin, wadda kusan kullum sai na ji ta daga bakin wani: “Ai bolt biyar ne.” Gaskiya ce bolt biyar ba ya kisa, kuma ko jin sa ba za ki yi a fatar hannu ba. To a nan ya kamata ya tsaya ya tambayi kansa: in bolt biyar ba a jin sa, mene ne yaran suka ji? Abin da ya ja su daga soket ya taho, daga bolt 230 ɗin da ke shiga cajar, ya bi ta fitilun zuwa allon, ya shiga wayar ƙasa da kika ba yaro ya riƙe, ya ratsa jikinsa, ya sauka ta tafin ƙafarsa zuwa siminti. Ke takalmi ya katse miki hanyar, shi ya sa ba ki ji ba.

Ki samu matacciyar caja ki fasa ta ki duba. Za ki ga ɗan allo kore da bai kai faɗin akwatin ashana ba. Gefe ɗaya wutar NEPA ce, ɗaya gefen bolt biyar ne, a tsakiya akwai ɗan ƙaramin tiransifoma nannaɗe da tef mai ruwan ɗorawa. Abin da ya raba yaro da wutar NEPA shi ne wannan tef ɗin da kuma tazarar da aka bari tsakanin layukan jan ƙarfe na gefen biyu. A caja ta ƙwarai tazarar tana kai milimita 5 zuwa 6, wani lokaci har a tsaga allon don kada wuta ta samu wurin bi. A ta jabu sai ki tarar milimita ɗaya ko ƙasa da haka, tef ɗin kuma falle ɗaya. Ki ƙara da ƙurar hunturu da ke shiga ta ramin USB ta kwanta a kan allon, damina ta zo ta jiƙa ta, sannan a dawo da wuta da ƙarfi ko janareto ya yi haniniya. Ranar da tazarar nan ta gaza, bolt 230 gaba ɗaya yana kan wayar da ke hannun yaro.

Wannan ba tsoratarwa ba ce. A 2016 kamfanin gwajin kayan lantarki na UL ya gwada cajoji 400 na jabu masu ɗauke da sunan Apple, uku kacal suka tsallake gwajin kariya daga jan wuta. A 2013 wata matashiya ta rasu a Sin tana amfani da waya a jikin caji, har Apple ya buɗe shirin karɓar cajojin da ba nasa ba. A 2014 wata mata ta rasu a Ostireliya ta dalilin cajar USB mai araha. Waɗannan manya ne, kuma ba wanda ya tsara musu su riƙe waya tsirara su tsoma hannu a ruwa.

Kin san lissafin, bari dai in tuna miki shi. Mutum yana fara jin wuta daga wajen miliamfiya 1 (kashi ɗaya cikin dubu na amfiya, ma'aunin yawan wutar da ke gudana). A wajen 10 tsokar hannu tana ƙanƙamewa, ya kasa sakin abin da ya riƙe. Daga 30 zuwa sama zuciya tana iya rikicewa. Busasshiyar fata tana da juriya mai yawa, amma jiƙaƙƙen hannu da ƙafa ba takalmi suna sauko da juriyar jiki zuwa wajen om 1,000 (om shi ne ma'aunin juriya). Raba bolt 230 da om 1,000, kin samu amfiya 0.23, wato miliamfiya 230. Ki kuma lura da yadda tsarinki ya tsayar da yaron: waya damƙe a tafin hannu, ɗaya hannun a ruwa, ƙafa a ƙasa, ƙirjinsa a tsakiyar hanya.

Zan yi wa mai wayarin adalci a wuri ɗaya. Ko caja ta asali tana iya ɗan tsikarar mutum, domin akwai wata ƙaramar kafasito da ake haɗa gefen biyu da ita don rage hayaniyar lantarki, kuma tana barin ɗigon wuta ƙasa da miliamfiya ɗaya ya wuce. Shi ne ɗan kaikayin da ake ji a jikin laftof mai gangar ƙarfe idan yana caji. Mai yiwuwa shi yaran suka ji. Amma fatar yaro ba mita ba ce, ba za ta faɗa miki ko wannan ɗigon ne ko tef ɗin tiransifoma ne ya fara cinyewa ba. Ko kin sa mita tsakanin wayar da ƙasa kina iya ganin wajen bolt 100 a caja mai lafiya da marar lafiya duka. Testa ma haka, za ta kama a duka biyun. Wanda ya taɓa da bayan yatsa ya ce “ba komai” bai gwada komai ba, sa'a ya ci.

Maganar silifas kuwa ita ta fi ɓata mini rai. Yaro ɗan shekara bakwai, a gaban ruwa, ana kiɗa, abokansa na turereniya. Zai durƙusa, zai dafa ƙasa, zai jingina da ƙarfen taga, wani zai riƙo shi ta baya ƙafa ba takalmi, ruwan kuma zai zube ya jiƙa silifas ɗin ciki da waje. Duk aikin da lafiyarsa ta dogara ga yaro ya kiyaye doka, bai kamata a kai shi gaban yara ba. Haka masu cewa “ai akwai fis” ko “akwai bireka”. Fis mai amfiya 13 an yi shi ne don kada waya ta kama wuta, kuma wutar da za ta tsayar da zuciya ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na abin da zai ƙona shi ba. Ramin soket na uku, wanda ya kamata ya kai wutar da ta zubo zuwa ƙasa, shi ma kada ki amince da shi. A gine-gine da yawa a garin nan ka kwance soket ka tarar ba waya a bayansa, aikinsa kawai a zura masa murfin biro don filogi mai ƙafa biyu ya shiga. Tambarin CE, alamar cika ƙa'idar Turai, da ke jikin kwalin caja kuma duk mai injin buga takarda zai iya buga shi.

Ina kira ga 'yan uwana masu aikin wuta su ji tsoron Allah a kan wannan. Mutum ya kira ka ne don ya yarda ka fi shi sani. In ba ka auna ba, ka ce ban auna ba. Amanar 'ya'yan mutane ce, kuma kalmar “ba ya kisa” da ka furta a tsaye kana sauri, wata malama za ta ɗauke ta ta kafa abin da yara za su yi layi a kansa.

Ga gyaran. Duk abin da hannun yaro zai kai gare shi, batir ne zai ba shi wuta, kuma babu waya ko ɗaya da za ta haɗa shi da soket yayin da ake wasa. Na ce ko ɗaya domin nan ake yawan zamewa. Mutum ya sa Arduino a batir, sannan ya jona laftof da caja, ko ya ja wayar sauti zuwa babbar lasifikar da ke jikin janareto, ko wayar majigi. Kowacce a cikinsu tana ɗauke da wayar ƙasa, kuma ta dawo da hatsarin ta bayan gida. Laftof ya yi aiki da batirinsa, sauti ya tafi lasifika ta Bluetooth ko ƙaramar lasifika mai batir. Inbata ma ba mafita ba ce: da batir take aiki, amma abin da take fitarwa bolt 230 ne, yana kisa kamar na NEPA.

Fitilun ne za su ci wuta. In irin jerin fitilun LED masu sauya launi ne da ake kira WS2812B, kowane ƙwai yana jan miliamfiya 60 idan ya yi fari tas, wato ƙwai 60 amfiya 3.6 ke nan, alhali yawancin batiran cajin waya na tafi-da-gidanka amfiya 2 da ɗoriya suke bayarwa a rami ɗaya. Ki rage hasken zuwa kashi ɗaya cikin uku a cikin manhajar. A kan shuɗin baba mai duhu zai fito sosai, ya fi kyau ma. In bikin zai daɗe, ki nemi batir mai bolt 12, amfiya-awa 7, irin na cikin UPS (akwatin da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta), da ɗan allon da ke sauke shi zuwa bolt biyar. Kayan da ke cin wat 10 zai riƙe su wajen awa huɗu ba tare da kin tatse shi ba. Ki sa fis mai amfiya 3 ko 5 daf da bakin batirin, domin bolt 12 ba ya jan mutum amma yana narkar da waya ya kunna zane. A kulle batirin a akwati sama da inda ruwa zai zuba, a yi cajinsa da daddare a wani ɗakin, a ware daga aikin.

Idan da hali ki yar da wayar riƙewar ma. Akwai ɗan allo mai suna MPR121 da ke karɓar wuraren taɓawa har 12, yana gane hannu ba tare da yaro ya riƙe komai ba. Ki manna takardar alminiyam a bayan kowace ƙwarya daga waje, ki rufe ta da tef, ruwan bai taɓa ƙarfe ba. A kan batir zai ɗan rage ji, sai ki shimfiɗa fallen alminiyam ƙarƙashin tabarma ki haɗa shi da wayar ƙasa ta allon. Yana daidaita kansa lokacin da aka kunna shi, don haka ki zuba ruwan tukuna, kowa ya janye hannu, sannan ki kunna.

Majigi ko babbar lasifika da dole sai sun sha wutar soket, a ajiye su nesa da ruwan da hannun yara, a bi da su ta na'urar RCD mai yanke wuta a miliamfiya 30, ki danna maɓallin gwajinta da hannunki safiyar bikin. In ba ta faɗi ba, a yi bikin ba majigi.