Amsa ga ƙanenmu na Bronx mai neman makarantar digirin fasahar lantarki da injina

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce ka kusa gama karatun shekara biyu a kwaleji nan New York, kana son ɗorawa zuwa digirin farko a fasahar lantarki da injina, kuma ka rasa makarantar da za ka nufa. Digirin nan na yi, da shi nake cin abinci a wata masana'antar lemon kwalba, don haka ga abin da na gani.

Ka ajiye maganar sunan makaranta tukuna. Fara shiga shafin ABET, hukumar da ke tantance karatun injiniyanci da fasaha a Amurka, ka nemi kwas ɗin da kansa, domin su kwas suke tantancewa ba makaranta ba. Makaranta ɗaya tana iya samun shaidarsu a wannan kwas, ta rasa a wancan. Sannan ka duba wane kwamitin ABET ya ba da shaidar, EAC ko ETAC. EAC na injiniyanci ne zalla, inda lissafi da nazari suka fi yawa. ETAC shi ne namu na masu digirin fasaha, inda hannu ya fi shiga aiki. Bambancin yana fitowa ne ranar da ka nemi lasisin PE, wato lasisin ƙwararren injiniya da jiha ke bayarwa. Mai digirin EAC zai ci jarrabawar FE, wato ta matakin farko, ya yi aikin shekara huɗu, ya ci ta PE. Mu kuwa jihohi da dama suna ƙara mana shekarun aiki, wasu ma ba su buɗe mana ƙofar ba. Ni dai a masana'anta ba wanda ya taɓa tambayata PE. Amma in burinka zana tsarin wutar gine-gine ne kana buga hatimi, to tun yanzu ka koma hanyar EAC, kada ka ɓata wa kanka lokaci.

Abin da ya fi cin yaranmu shi ne kiredit, wato darussan da ka riga ka ci waɗanda sabuwar makaranta za ta lissafa maka. Akwai wani ɗan'uwanmu ɗan Nijar da ya koma wata makaranta da murnarsa, sai bayan ya biya kuɗi aka ce masa ba a karɓi fiziks ɗinsa ba, saboda wanda ya yi ba na kalkulas ba ne, aka kuma zubar masa da wasu darussan lantarki. Shekara biyun da ya ɗauka ta rage masa sai ta zama uku. Ka tura musu takardar sakamakonka, su rubuto maka darasi bayan darasi, wanda suka karɓa da wanda suka ƙi. Maganar baki a ofis ba hujja ba ce.

Daga nan ka taka da ƙafarka ka ga ɗakin gwaji. Wannan na fi damuwa da shi, don hoton intanet ba ya faɗin gaskiya. Ka duba ko akwai PLC, wato ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa injinan masana'anta, na kamfanin Allen-Bradley, shi ya cika masana'antun Amurka, in da Siemens ma madalla. Ka ga ko akwai na'urar sarrafa gudun motar lantarki ta injina, da kayan aiki da ƙarfin iska da na mai, da hannun mutum-mutumi mai aiki, ba wanda aka lulluɓe da leda a lungu ba. Ka ja ɗalibi gefe ka tambaye shi su nawa suke zama a benci ɗaya. In su biyar ne, mutum ɗaya ke koyo, sauran 'yan kallo ne. Ranar da layin injinan masana'anta ya tsaya ƙarfe biyun dare, kwalabe sun cunkushe, shugaban aiki yana tsaye a kanka, abin da zai fitar da kai kunya shi ne ka buɗe akwatin wuta, ka ɗora mita ka ga ko bolt 24 na isa ga sensa, ka buɗe kwamfuta ka bi shirin layi-layi har ka kama inda sigina ta maƙale. Wanda bai taɓa waya da hannunsa ba zai tsaya ne yana zufa.

Batun makarantu, Penn State na ba da ainihin wannan digirin a rassanta irin su Altoona, Berks da York, sai dai kai ba ɗan jihar Pennsylvania ba ne, kuɗin baƙo za su caje ka, kuma ba kaɗan ba ne. Jami'ar RIT da ke Rochester na da mekatroniks, wato haɗin injina da lantarki da kwamfuta, a ɓangaren fasaha, kuma dole ne ɗalibi ya fita aikin kamfani ana biyansa kafin ya gama. Wannan ya burge ni ƙwarai, amma makarantar kuɗi ce. City Tech a Brooklyn tana da karatun shekara biyu a wannan fannin, daga nan a ɗora digirin fasahar kwamfuta. Sunan ya ɗan sauka daga abin da kake nema, amma kuɗin CUNY ne, wato jami'ar gwamnati ta birnin New York, kana kwana gidanku, jirgin ƙasa ya kai ka ya dawo da kai.

Da ni ne kai, City Tech zan fara dubawa, in cike FAFSA, fom ɗin neman tallafin karatu, da wuri in ga abin da tallafin Pell na gwamnatin tarayya da TAP na jihar New York za su ɗauke. Bashin karatu akwai ruwa a kansa, ka san matsayin wannan a wurinmu, ka zauna da Baba ku tattauna kafin ka sa hannu a kowace takarda. RIT kuwa ka nema, in tallafin da suka ba ka ya rufe gibin, ka tafi.

Ka kuma ambaci komawa gida wata rana. In Najeriya ce, COREN, hukumar kula da aikin injiniyanci, na yi wa injiniya rajista daban, mai fasaha daban, don haka ka rubuta musu ka ji rukunin da za su sa digirin kafin ka biya kuɗin shiga.