Hukuncin rage shekaru don neman aiki

Tambaya: Allah gafarta Malam, shekaruna 33, tallar aikin kuwa ta ce kada mai nema ya haura 30. Abokaina sun ce in je kotu in yi takardar rantsuwar haihuwa in zaftare shekara huɗu, wai kowa haka yake yi. Ya halatta?

Amsa: Ɗana, na san zafin da kake ji. Yajin aikin malaman jami'a na 2020 da na 2022 kaɗai ya cinye wa ɗalibai fiye da shekara guda, ga zaman jiran bautar ƙasa, sannan a ce ka tsufa. Duk da haka abin da suka ba ka shawara bai halatta ba.

Takardar nan rantsuwa ce. Za ka tsaya gaban ma'aikacin kotu, ka sa hannu a kan ranar da ka tabbata ba ita ce ranar haihuwarka ba, a buga hatimi. Idan da sunan Allah aka rantse, wannan ita ce yaminul gamusi, rantsuwar da ke dulmiyar da mai ita cikin zunubi, wadda Annabi (SAW) ya lissafa cikin manyan zunubai a hadisin Abdullahi ɗan Amru da Bukhari ya ruwaito. A mazhabar Malikiyya ba ta da kaffara, sai tuba, don girmanta. Ko ba a ambaci sunan Allah ba, zance ne na zur, Allah kuwa ya ce a nisance shi a aya ta 30 ta Suratul Hajji. Sau da yawa ma uba ko yaya ake ɗauka ya je ya rantse, an jawo shi cikin laifin ke nan.

Sannan akwai haƙƙin wani. Gurbin da ka shige na wani yaro ne da ya cika sharaɗi, kuma ma'aikacin da ya kamata ya yi ritaya a shekara 60 zai ƙara huɗu a kan kujera.

Wanda aka haifa a ƙauye ba a rubuta ba, hukuncinsa daban. Ya tambayi dattawa, ya kirdada da gaskiya, ya tsaya a kan rana ɗaya a duk takardunsa.

Wanda kuma ya riga ya samu aikin ta wannan hanya, malamai sun yi saɓani a kan albashinsa. Abin da na fi natsuwa da shi: idan ya iya aikin kuma yana yin sa, albashin ladan guminsa ne, amma tuba ta wajaba a kansa, ya gyara takardunsa gwargwadon iko, ya sauka idan shekarunsa na gaskiya sun cika.

Kai kuwa ka nemi guraben da ba su ɗaure da shekaru ba. Ranar ganawa ka faɗi ƙwarewarka ba kunya, Annabi Yusuf (AS) da kansa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, ya ce shi mai tsarewa ne, masani.

Wallahu a'alam.