Kana son haɗa jirgin ɗaukar hoto da hannunka? Fara da sikeli kafin ka buɗe aljihu

Wani ɗan kasuwa ya aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da kayan waya, ina kuma gyara. Na ɗan tara kuɗi a gefe, ina so in haɗa ƙaramin jirgi mara matuƙi, wato dron, da hannuna, in ɗora masa kyamara in riƙa ɗaukar wa mutane hoton gine-gine da gonaki da taruka daga sama suna biyana. Da na duba kayan sai kaina ya ɗaure, inji iri-iri, batir iri-iri. Wanne zan fara saya, kuma ta ina zan rage kashe kuɗi?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka ta yi min daɗi, domin wanda ya saba riƙe ƙarfen dalma yana like ƙananan wayoyi ya riga ya ci rabin aikin. Amma bari in fara da abin da ƙila ba ka so ji ba. Buri biyu ka haɗa a wuri ɗaya: kana son ka koyi haɗa jirgi, kana kuma son ka sayar da hoto. Idan hoton ne kaɗai a gabanka, jirgin da kamfani ya haɗa zai fi yi maka aiki. Kamfani irin DJI yana yin ƙananan jirage da ba su kai giram 250 ba, da kyamararsu da mariƙinta a jiki, kuma da wuya jirginka na farko ya kamo su wajen natsuwar hoto. Mutane da yawa suna shiga haɗawa da tunanin za su samu sauƙi, sai sun gama tara kayan da kuɗin aikowa da na kwastan su ga kuɗin ya kai na sabo ko ya wuce, ga shi babu garanti.

Duk da haka ban ce ka fasa ba. Kai mai gyara ne, kuma abin da za ka samu a haɗawar ya fi hoton daraja a wajenka. Wanda ya haɗa jirgi daga farko ya san inda ciwonsa yake idan ya ƙi tashi, kuma masu jiragen nan kullum cikin faɗuwa suke, kullum suna neman mai gyara da mai sayar da safaya. Wannan ita ce ƙofar da nake hango maka. Don haka ka ɗauki jirgin farko a matsayin kuɗin makaranta. Ka yi shi da kuɗin da idan sun tafi shagonka ba zai girgiza ba. Kada ka taɓa uwar kuɗin kayan waya, kada kuma ka ci bashi a kansa, domin abu ne da zai iya tarwatsewa cikin daƙiƙa biyar.

Yanzu ga zaɓen kaya. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya fara sayen gangar jikin jirgin don ta yi masa kyau a ido, sannan ya dawo yana neman abin da zai dace da ita. Daga kyamara ake farawa, a takarda, domin duk sauran kayan 'yan dakonta ne. Ƙaramar kyamara irin GoPro tana kai kimanin giram 150. Mariƙin da ke daidaita ta a iska, wanda masu harkar ke kira gimbal, zai ƙara kusan giram 200. Ka ga tun ba ka sayi inji ko ɗaya ba ka riga ka ɗora wa jirgin kaya na giram 350. Wannan nauyin ne zai gaya maka girman da kake bukata.

Ana auna gangar jikin ne da milimita, daga inji zuwa injin da ke kusurwar da ta yi daura da shi. Ƙananan nan masu farfela inci 5 na tsere ne da wasa a iska, suna da gudu, amma batirinsu 'yan mintoci ne, kuma ba a yi su don tsayawa wuri ɗaya ana ɗaukar gini ba. Mai milimita 450, irin wanda aka fi sani da F450, shi zan ce ka fara da shi. Yana da fili da za ka jera kaya ba tare da cunkoso ba, hannayensa guda huɗu ana kwance su ɗaya-ɗaya, kuma ya daɗe a kasuwa, don haka idan hannu ya karye ba za ka sha wahalar samun wani ba. A kasuwanci wannan babban abu ne. Kayan da kowa ke amfani da shi ya fi kayan da babu irinsa, ko da na biyun ya fi kyau.

Inji kuwa, lambobi biyu za ka koya. Idan ka ga an rubuta 2212, ana nufin cikin injin, inda aka naɗa wayar tagulla, yana da faɗin milimita 22 da tsayin milimita 12. Lamba ta biyu ita ce KV, wato sau nawa injin zai juya a minti ɗaya a kan kowane bolt ɗaya na wuta idan babu farfela a kansa. Mutane suna ganin babbar lamba su ɗauka ita ce ƙarfi. Ba haka ba ne. Injin da KV ɗinsa ya yi yawa ƙaramar farfela yake so, ya yi ta gudu yana shan wuta. Mai ƙarancin KV shi ke juya babbar farfela a hankali, ya ɗaga nauyi da wuta kaɗan, kuma shi ne na mai ɗaukar hoto. A kan jirgi mai milimita 450, injin 2212 mai KV 920 da farfela inci 10, wadda ake rubuta wa 1045, tsohon haɗi ne da aka daɗe ana gwadawa.

Ga lissafin da nake so ka zauna ka yi da biro kafin ka biya ko sisi. Ka rubuta nauyin kowane abu: gangar jiki, injina huɗu, batir, ƙwaƙwalwar jirgi (allon da ke sarrafa tashinsa), wayoyi, ƙafafu, kyamara da mariƙinta. A ce jimlar ta zo giram 1,600. Ƙa'idar ita ce injinan huɗu su iya ɗaga ninkin wannan nauyin, wato giram 3,200, kowane inji giram 800. Dalili shi ne jirgin ya iya tsayawa a iska da rabin ƙarfinsa, sauran rabin ya zama ajiya don lokacin da iska ta buge shi ko kana son ka tsayar da shi yana gangarowa. Kamfanin kirki yana fitar da jadawalin da ke nuna nauyin da injinsa ke ɗagawa da kowace farfela da kowane batir, da yawan wutar da yake ja. Injin da mai sayarwa ya kasa nuna maka wannan jadawalin, ka bar masa kayansa komai arharsa. Haɗin da na ambata a sama a daidai bakin giram 800 ɗin yake, saboda haka idan lissafinka ya haura sosai, ko dai ka rage kaya ko ka nemi inji mafi girma.

Daga wannan jadawalin ne za ka zaɓi ESC, 'yar na'urar da ke tsakanin batir da kowane inji tana sarrafa gudunsa. Ka duba iyakar wutar da injin ke ja, ka sayi wadda ta fi haka da rata. Injin da ke jan amfiya 15, ka ba shi ta 20 ko ta 30. Bambancin kuɗinsu kaɗan ne, kuma idan guda ɗaya ta ƙone a sama, jirgi mai inji huɗu ƙasa zai zo.

Batir shi ne inda kuɗi ke zurarewa ba a sani ba, don haka zan ɗan daɗe a kansa. Irin wanda ake amfani da shi sunansa LiPo. Ƙananan batura ne aka haɗa a cikinsa, mu kira kowanne ɗaki. Kowane ɗaki bolt 3.7 ne, idan ya cika ya kai 4.2. Wanda aka rubuta wa 3S ɗaki uku ne, bolt 11.1, mai 4S kuma bolt 14.8. Kada ka ɗora 4S a kan inji da farfelar da aka auna su a kan 3S ba tare da ka koma jadawali ba, injin zai yi zafi ya ƙone. Don sanin mintocin da za ka yi a sama, ka ɗauki kashi 80 cikin 100 na abin da batirin ke riƙewa, domin ba a tatse shi ƙarƙaf. Batir mai mAh 5,000 zai ba ka 4,000 ke nan, wato amfiya 4 na tsawon awa ɗaya. Idan jirgin yana jan amfiya 20 yana tsaye a iska, minti 12 ka samu. Ka riƙe wannan lambar, domin ita ce za ta gaya maka batir nawa aikin awa ɗaya ke bukata, kuma babu mai zuwa aikin kuɗi da batir ɗaya. Kada kuma ka ce za ka sayi ƙato don ka daɗe a sama, nauyinsa zai cinye yawancin abin da ya ƙara maka.

Batirin nan yana son kulawa kamar jariri. Idan za ka ajiye shi kwanaki, ka bar kowane ɗaki a kan bolt 3.8. Ka yi cajinsa da cajar da ke daidaita ɗakunan, kana wurin, nesa da abin da zai kama wuta, kuma ina roƙonka kada ka yi shi a cikin shago tsakiyar kayanka ka rufe ka tafi. Wanda ya kumbura ko ya huje ya gama aiki. Duk kulawarka kuma yana da adadin cajin da zai ɗauka ya gaji, saboda haka a littafinka ka sa shi a layin kayan da ke ƙarewa, tare da farfela.

Sai ƙwaƙwalwar jirgin. Manhajar Betaflight ta 'yan tsere ce. Kai abin da kake so shi ne jirgin da zai tsaya cak idan ka saki sandar rimot, ya kuma dawo inda ya tashi idan sadarwa ta yanke. Wannan sai da GPS da kamfas, wato na'urar da ke nuna gabas da yamma, da ƙwaƙwalwa irin Pixhawk mai ɗauke da manhajar ArduPilot ko PX4, ko kuma allon da ke karɓar iNav. Manhajojin nan kyauta ne, lokacinka kawai za su ci wajen saiti. Ka ɗaga GPS ɗin a kan sanda nesa da manyan wayoyin batir, domin wutar da ke bi ta cikinsu tana ruɗa kamfas, jirgin ya riƙa zagaye maimakon tsayawa.

Ka tambayi inda za ka rage kuɗi. Ka rage a gangar jiki da farfela, tunda su za su fara karyewa, ka sayi farfela da yawa na roba masu sauƙi. Ka rage a kyamara ta hanyar ƙin sayenta yanzu kwata-kwata: ka ɗaura wani abu mai nauyinta a ƙarƙashin jirgin ka koyi tuƙi da shi, sai hannunka ya faɗa ka sayi ta gaske. Inda ba na so ka yi ƙyashi shi ne rimot da caja da batir. Rimot da caja za su bi ka zuwa jirgi na biyu da na uku, su ne dukiyar da ba ta faɗowa daga sama, kuma a nan ne maganar araha ba ta ado take da gaskiya. Da rimot ɗin ma za ka iya fara koyon tuƙi a kwamfuta kafin sauran kayan su iso, inda faɗuwa ba ta cin ko kwabo. Inji kuma ka sayi biyar maimakon huɗu, ESC ma haka, domin jiran guda ɗaya daga nesa zai iya zaunar da kai makonni. A ra'ayina, kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da ka ware kada ka taɓa shi sai bayan jirgin ya tashi. Na gyara ne.

Ranar gwajin farko a kan tebur, ka cire farfela duka. Biyu daga injinan hagu suke juyawa, biyu dama, kuma sai ka tabbatar kowanne yana bin nasa kafin ka ɗaura komai mai yanka. Idan daga baya ka ga hoton yana rawa kamar ana kallonsa ta cikin ruwa, kada ka zargi kyamara. Yawanci farfela ce ɗaya ta fi nauyi a gefe, ko inji ya lanƙwashe, girgizar take isa ga kyamara.

Akwai kuma doka, kuma kuɗinta na cikin jari. Ƙasashe da dama sun sa giram 250 a matsayin iyakar da ake fara neman rajista, naka kuwa zai ninka haka sau shida. A Amurka tun 2016 duk mai tuƙa dron don kuɗi sai ya ci jarrabawa ya karɓi shaida, kuma can da ƙasashen Tarayyar Turai iyakar tashi kimanin mita 120 ne. Ka je hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasarka ka ji sharuɗɗanta da kuɗin izini tun kafin ka yi odar kaya, ka kuma tambayi ko shigo da su ma yana bukatar takarda. Ka nemi bayanin inshora, domin kilo ɗaya da rabi idan ya faɗo a kan mota ko a kan mutum, diyyar za ta fi kuɗin jirgin nesa ba kusa ba.

Saboda wannan ne nake so ka cire taruka daga lissafinka a yanzu. Jirgin da aka haɗa a gida, a hannun sabon matuƙi, bai kamata ya bi ta kan jama'a ba. Ka buɗe littafi, duk tashin da ka yi ka rubuta mintocinsa da batirin da ka sa da abin da ya lalace. Sai ka yi tashi kamar talatin a jere babu faɗuwa sannan ka karɓi kuɗin wani, kuma aikin farko ya zama gona ko filin da za a yi gini, inda idan abu ya faru ƙasa kawai zai tarar. Littafin nan ne kuma zai nuna maka abin da kowane tashi ke cinye maka na batir da farfela da gyara, ka ɗora kuɗin zuwa da dawowa da lokacin da za ka ɓata wajen tace hoton, daga nan ka yanke farashinka.