Tambaya da Amsa: Na'urar da ke ajiye wa kurma saƙon bidiyo, nawa take kuma wa ke gani?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ina gaisuwa da fatan an tashi lahiya. Ƙanena kurma ne tun yana yaro, tela ne a Maradi, ni kuma aure ya kai ni Damagaram, to ba mu da hanyar magana sai kiran bidiyo da maganar hannu, kuma sau da yawa in na kira yana kan keken ɗinki bai ga kiran ba, in shi ya kira ina wajen girki ko rezo ya ɗauke. Na ga wani bidiyo a Facebook wai a Amurka kurame na da wata na'ura mai ajiye musu saƙon bidiyo in ba su ɗauka ba. Don Allah nawa take, ana samunta a babbar kasuwa? Sannan abin da ya fi damuna, maganarmu ta gida ce, har da ta neman aurensa, ina tsoron wani ya gani. Daga ƴar'uwarku a Damagaram.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya saka da alheri da wannan zumunci, don wallahi ba kowace yaya ce ke zama ta koyi maganar hannu saboda ƙanenta ba.

Abin da kika gani gaskiya ne. A Amurka akwai kamfanoni irin su Sorenson da ke ba kurame wayar bidiyo mai haɗe da allon talabijin, in an kira fitila ce ke walƙiya maimakon ƙara, in ba a ɗauka ba mai kira ya bar saƙonsa da hannu, in kuma mai ji ne ya kira to tafinta ne ke mayar da maganar zuwa hannu ya ajiye. Kurman ba ya biyan kuɗin tafintan, wani asusu ne da hukumar sadarwarsu FCC ke kula da shi ke biya, kamfanonin waya ke zuba kuɗi a ciki, kuma tushen abin dokar naƙasassu ce ta 1990. Amma fa sai mazaunin ƙasar da ya yi rajista ya samu lambar can, don haka ko wani ya kawo miki akwatin daga Kano ko Kwatano ya ce jikka kaza, kar ki ba da ko dala, ba zai yi aiki a nan ba, kuma tafintocinsu ba maganar hannun da kuke yi a gida suka iya ba.

Abin da kike nema yana cikin salular da ke hannunki. WhatsApp tun 2023 ya kawo gajeren saƙon bidiyo na daƙiƙa 60, in maganar ta fi haka tsawo ki ɗauki bidiyo da kyamara ki tura, ya zauna yana jiransa har ya sauka daga keke. Ni a ganina ma saƙon ya fi kiran amfani a irin rezon namu, don a kira in rezo ya yi rauni hoto na tsinkewa, hannu ya bi iska, alama guda ta ɓace magana ta canza, shi kuwa saƙon da aka ɗauka ko ya daɗe yana tahiya zai isa cikakke, ya kalla ya maimaita. Kuɗi kuma na forfe ne kawai, kiran bidiyo na cin wajen mega biyar a minti ɗaya, ya danganta da waya da rezo, saƙon minti guda sau uku a yini ba zai kai kira na rabin awa ba. Ki sa a kunna masa walƙiyar fitila da jijjiga in saƙo ya shigo, wayoyin Android da yawa suna da shi, ku kuma tsaida lokaci, misali bayan isha'i. Ki jingina wayar a bango hannu biyu su samu sarari, haske ya kasance a gabanki, fuska da ƙirji su fito.

Yanzu batun sirri, a nan nake so ki tsaya da kyau. Mai ji zai iya tura saƙon murya ba a san fuskarsa ba, kurma kuwa duk saƙonsa da fuskarsa a ciki, da ɗakinsa, da duk wanda ya gifta ta baya, in ya fita hannunku babu musu shi ne. Ta wajen kamfanin da sauƙi, tun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke daga waya zuwa waya, kamfanin ba ya ganin abin da ke ciki, amma ya san wace lamba ta yi hulɗa da wace. Ajiyar da ke tahiya Google Drive ita ce sai kun shiga kun kunna mata nata makullin da kanku. Kuma in GB WhatsApp ne a wayarsa a cire shi yau, ba na kamfanin ba ne, babu mai lamunce muku inda saƙon ke bi.

Inda asiri ya fi tonuwa a garinmu kusa ne, wajen mai sharji in an ɗauke kuran an bar waya yini guda ba kod, wajen mai gyara, wajen masu tura fina-finai, da yaran shago da ke ara su yi kallo, sai bidiyon maganar aure ya faɗa hannun abokai ana turawa ana dariya don ba su gane hannun ba, wannan abu yana min ciwo ƙwarai don na san kurame da suka daina tura saƙo gaba ɗaya saboda shi. A sa kod ko zanen yatsa, a kulle hirarku ita kaɗai, a kashe abin da ke zuba bidiyo cikin ma'ajiyar hotuna, in za a kai gyara a cire katin ajiya da layi. Akwai kuma saƙon kallo sau ɗaya, yana taimakawa, sai dai wani na iya ɗaukar allon da wata waya. Kuma ki tuna masa hannu ana karanta shi daga nesa, kar ya tsaya bakin titi yana amsa maganar gida, ya shiga daga ciki.

In har wani ya yaɗa bidiyonsa ba da yardarsa ba, Nijar na da dokar laifukan intanet ta 2019 da hukumar kare bayanan mutane HAPDP a Yamai, ku ajiye shaidar kar ku goge, ku kai ƙara wajen ƴan sanda, ke ko wani amintacce da ya iya hannunsa ya raka shi. Ki gaida min shi, Allah ya sa albarka a auren.