Motocin Sun Dawo Daga Borno, Daga Ina Za a Fara?

Ɗana, ka tambaye ni ta ina za ku fara, tunda bataliya ta dawo bariki da motoci kaca-kaca, littattafan gyara kuma rabonsu da ganin biro an yi watanni. To, ajiye sifana tukuna, ɗauko littafi.

A fagen daga, in mota ta mutu, cire mata batir ko famfon mai ake yi a sa wa wadda za ta fita sintiri. Ba na ganin laifin kowa, rai ake ceto. Amma da an shigo bariki, wannan ɗabi'ar za ka fara kashewa. Na ga Land Cruiser da kuloci kawai ya kwantar da ita, kafin wata ya zagayo ta koma ƙwarangwal, kowa ya yagi rabonsa. Har yau abin yana ci mini rai. Kada a kwance ko noti sai da sa hannu.

Sai ka bi motocin ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta abin da idonka ya gani, kada ka dogara da bakin direba. Ciro filtar iska, ka zura yatsa cikin bututun da ke bayanta. In ya fito da ƙura, injin ya sha yashi, ko da yana tashi lafiya lau, nan gaba kaɗan zai fara shan baƙin mai. Dizal ɗin da aka riƙa ɗura musu daga duro ba ya rasa ruwa da laka, don haka a tsiyaye ruwan, a sauya filtar mai. Hilux ɗin da aka ɗora wa babbar bindiga kuwa, shiga ƙarƙashinta da tocila ka duba sifirin da jikin shasi, nauyi da gargada suna tsaga ƙarfe.

Duk motar da ba ka san ranar da aka juye mata baƙin mai ba, ɗauka lokaci ya wuce. A juye, a rubuta kwanan wata da kilomita, lissafi ya soma daga nan.

Takardar neman kayan gyara ka kai sito tun makon farko, domin ba sa zuwa da wuri. A ƙirga akwatunan kayan aiki kafin yara su tafi hutu. In kwamanda ya tambaye ka mota nawa za su iya fita gobe, faɗa masa ainihin adadin, ko da 6 ne cikin 20.